Mutanen Takardar Farisa

Haihuwata ta fari a gidanmu na yi ta, a Birnin Konni, cikin damina, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Aure ya kai ni Malbaza, inda maigidana yake jan kamyon, babbar motar siminti, amma da ciki ya tsufa sai aka ɗauko ni aka maido gida goyon ciki. Mahaifiyata ta rasu tun ina lakwal, makarantar boko, don haka Kaka, wadda ta haifi babana, ita ta karɓe ni. Ita ce ungozoma, ita ce mai wanka, ita ce kuma jandarman ƙofar ɗaki.

Macen da ba ta yi jego a hannun Kaka ba, kada ta zo ta ce mini ta san zafi. Safe da yamma ruwa yana tafarfasa a rabin ganga, ta tsoma ganyen bedi, wato dogon yaro, ta shiga tsula mini, ina ihu tana cewa, "Yi mini shiru, raguwa, kunka iya ɗaukar ciki ba ku iya wanka ba." Daga nan sai kunun kanwa mai ƙona harshe, sai gasasshen nama da yaji har hawaye. Ruwan sanyi kuwa ko a mafarki. Randa tana nan bakin ƙofa tana gumi, ina kwance ina kallonta, in na ji wani ya tsoma moɗa ciki sai in ji kamar in yi kuka.

Abin da ya fi wankan ciwo shi ne kunyar ɗan fari. Namiji na haifa, ga shi nan a gefena cikin tsumma, amma ba ni da ikon in zuba masa ido. In mata sun shigo barka sai in juya fuska bango, kamar ban san daga inda ya fito ba. Ko nono zan ba shi sai Kaka ta yi ta faɗa, ni kuma in yi ta noƙewa, alhali raina kamar in haɗiye shi don so. To idon da aka hana kallon ɗansa, mene ne zai kalla? Bango ya rage mini. Bangon ɗakin Kaka kuwa duk tsaga ne, kowace tsaga cushe da takarda. Kaka ba ta san ko alif ba, amma duk takardar da ta gani a ƙasa da baƙin Larabci sai ta duƙa ta ɗauka, ta sumbata, ta kai goshi, ta cusa a bango. Kwalin shayi, takardar sabulu, ledar alewa, duk suna nan. Tun ina yarinya nake ce mata, "Kaka, wannan fa sunan shayi ne." Sai ta ce ba ruwanta, baƙin dai na Allah ne.

Babana marubucin Alƙur'ani ne. A zaure yake wuni bisa buzu, ƙafa ɗaya a tanƙwashe, takarda bisa gwiwa, alƙalamin gamba a hannu. Rubutunsa irin namu ne, mai kauri, baƙaƙe a tsaye daram kamar dattawa a sahun sallah. Daga Dogarawa, har daga Illela a tsallaken iyaka, ake zuwa a ba shi aiki. Mutum ne marar magana. Yakan zo ƙofar ɗaki da hantsi ya yi gyaran murya, ya ce, "Kun tashi lafiya?" ya juya. Ashe yana lura da ni da bangona.

Wata rana da Kaka ta fita neman kanwa, sai na ji gyaran muryarsa a lokacin da ba nasa ba. Ya miƙo hannu ta labule da wani abu naɗe cikin farin ƙyalle.

"Ɗiyata, riƙa kallon wannan, ya fi bango. Kada ki taɓa da jiƙaƙƙen hannu." Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Kada kuma Inna ta gani."

Haka yake kiran Kaka. Na warware ƙyallen. Takarda ce guda, ba ta fi tafin hannu biyu ba, gefenta ya ci, ta yi kalar madarar da ta kwana. Na daɗe ban gane abin da nake gani ba, don idona ya saba da tokar siminti da jar ƙasa. Lambu ne. Samansa ba shuɗiya ba ce, zinariya ce, in na karkata takardar sai ta kama hasken ƙofa ta yi walƙiya. Shuɗin yana jikin bangon wani gida, shuɗin da ban taɓa gani ba ko a marina, mai zurfi har ka ji kamar za ka faɗa ciki. Ga itatuwa dogaye masu tsinin kai, ga wani ya yi fari fat da fure. Ƙarƙashinsa wani saurayi yana zaune bisa darduma, da rawani, fuskarsa zagaye, idanunsa ƴan sirara. Wata mace ta durƙusa tana miƙa masa ƙoƙo. Can gefe wani yana kaɗa abu kamar gurmi, wani kuma yana riƙe da linzamin farin doki mai siraran ƙafafu. A saman gidan, ta wata ƴar taga, wata mace ta leƙo, ta sa yatsa a leɓe, tana kallonsu.

Ba wanda yake da inuwa a cikinsu. Ba rana, ba dare, ba kusa, ba nesa. Ana ganin cikin gida da bayansa lokaci guda, dardumar kuma a miƙe take tsaye don kada ko fure ɗaya na saƙarta ya ɓuya. Ta tsakiyar lambun wani rafi ya ratsa, baƙi ƙirin, da ƴan duwatsu a bakinsa.

Sama da ƙasa akwai rubutu cikin ƴan akwatuna. Na yi allo kafin lakwal, na san baƙi, amma waɗannan ba su tsaya a layi ba. Kowace kalma daga sama take farawa ta gangaro, sirit a farko, ta yi ciki a tsakiya, ta ja wutsiya ta ɓace. Wata ta hau bisa wata. Na haɗa baƙaƙen, na furta, ba su ba ni ko kalma ɗaya da na sani ba.

Washegari da Kaka ta zaga bayi na tare shi da tambaya ta bayan labule. Ya ce shekarar da ya je Makka ne. Yana zaune a wata inuwa yana rubutu don kada hannu ya yi sanyi, sai wani tsoho mutumin Farisa ya tsaya kansa yana kallo, ya daɗe. Suka yi ta kame-kame da guntun Larabci da nuni. Tsohon ya roƙi shafin da Baba ya rubuta, ya sumbace shi, sannan ya buɗe jakarsa ya zaro wannan ya ba shi. Na ce, "To rafin fa, don me ya yi baƙi?" Ya ce shi ma ya tambaya. Da azurfa aka zuba shi, yana ƙyalli kamar ruwan gaske, tsufa ne ya baƙanta shi.

"Me rubutun yake cewa?"

"Baƙaƙen namu ne, maganar ba tamu ba ce. Waƙa ce dai, haka tsohon ya ce." Na ji ya yi ƴar dariya, abin da ba kasafai yake yi ba. "Na yi shekaru ina gwada hannun nan in ba kowa a zaure. Na fiƙe gamba a karkace, na fiƙe a miƙe. Nawa baƙaƙen sun ƙi kwanciya, ƴan ƙauye ne."

Ban taɓa sanin babana yana da wani abin da yake so don kansa ba. Na ɗauka shi da buzu da tawada an gama magana.

Daga ranar na samu wurin zuwa. In an gama wanka, jikina ya yi laushi, tururi yana fita daga fatata, Kaka ta fita kwashe wuta, sai in zaro takardar daga ƙarƙashin matashi. Ruwan sama yana buga kwano, ɗaki yana warin bedi da hayaki, nono yana tsattsafowa, ni kuwa ba na nan. Ina tafiya ba takalmi bisa ciyawar da kowane ganyenta aka zana shi daban. Ina durƙusawa bakin rafin, a can ba baƙi ba ne, fari ne tas, in sa hannu biyu in sha, in sha, sanyinsa yana sauka har cibiya, ba mai cewa kanwa. Mai gurmi yana kaɗawa, ba na jin sautin, amma na san mai taushi ne. Dokin yana juyo da kai ya dube ni. Wani lokaci barci ya ɗauke ni a can, in farka ban san ko la'asar ce ko hantsi ba, in ga labule yana motsi in zaci itacen furen ne.

Matar taga ita ce tawa. Na yanke a raina maijego ce, an hana ta fita, an hana ta ruwan sanyi, jaririnta yana bayanta cikin ɗakin da ba a zana ba. Ita ma kallo kawai aka bar mata. Nakan ce mata a zuci, sannu ƴar'uwa, naki ya yi barci? In na gaji da ita sai in saci kallon nawa ɗan, in ga ƴan yatsunsa, in koma lambu da sauri kafin a kama ni.

Sai yaron ya soma kuka. Yau ƙato ne, da gemu, da nasa iyalin, amma a lokacin ba wanda ya san haka. Jikinsa ya yi zafi, ya kama nono ya saki, ya yi ta tsala ihu har muryarsa ta dushe. Kaka ta sa wuƙa ƙarƙashin kansa, ta yi hayaƙi, ta sa Baba ya yi rubutu aka ɗiga masa a baki. Ana gobe suna, da rana ta ɗan fito bayan ruwa, ta ce a fitar da shimfiɗa a shanya. Kafin in yi wani motsi ta fizge matashin.

Takardar ta faɗo, ƙyallen ya buɗe.

"Innalillahi! Mi zan gani haka? Mutane? Mutane a ɗakin maijego?" Ta dafa ƙirji. "Shi ya sa angona ba ya barci! Mala'ikun rahama su zo ƙofa, su iske ɗaki cike da baƙi, su koma. Yaro ko suna bai samu ba, kun bar shi ba mai tsaro. Ke wace irin uwa ce?"

Ta ɗauka da yatsa biyu ta nufi murhu, inda wutar wankan yamma take ci. Na bi ta da zane a hannu ina roƙo. Har ta miƙa hannu, sai idonta ya faɗa kan rubutun. Hannun ya tsaya cak. Kafin ta ankara ta kai takardar baki ta sumbata, don jikinta ya riga ya saba, sannan ta tuna su wa ta sumbata, ta shiga tofar da yawu tana a'uzubillahi. Da ba don halin da ake ciki ba, da na yi dariya har na faɗi. Ta tsaya tsakar gida da abu a hannu, ba ta iya ƙonawa, ba ta iya yarwa, ba ta iya mayarwa ɗaki.

"A ce wa na zaure ya zo."

Haka take kiransa. Shi ne ɗanta na fari, tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. Baba ya shigo ya cire takalmi ya durƙusa, mutum mai furfura a gemu, kansa a ƙasa.

Ya ce laifinsa ne, shi ya kawo. Ya ce, "Inna, malamai sun yi bayani. Abin da anka hana shi ne mai jiki, mai inuwa. Wannan shafe yake bisa takarda, ko inuwa babu."

"Ni ban yi karatu ba," in ji Kaka, tana kallon katanga. "Jariran da na binne ba su kai suna ba, littafinka ya faɗa maka yawansu?"

Baba ya ce zai mayar da takardar zaure. Ta ce zaure ba cikin gidan yake ba? Shekara da shekaru ashe da su ake kwana. Ya ce to zai kai wa wani abokinsa ajiya. Ta ce abin da ka fitar daga gidanka don tsoro, shi za ka kai gidan wani mai ƴaƴa? Duk ƙofar da ya nufa ta riga shi ta rufe.

"A yanka su," ta ce. "Ka ja musu tawada a wuya, kowa da kowa, har dokin. Abin da anka yanka ya mutu, matacce ba ya hana mala'ika shiga. Rubutun kuma ba a taɓa shi ba. Ka ga ba wanda anka zalunta."

"Inna, ki bar ni zuwa safe."

"Kafin a yanka rago. Ba za a raɗa wa yaro suna da su a raye ba."

Ta miƙa masa ba tare da ta juyo ba. Ya karɓa da hannu biyu.

Da la'asar gida ya cika da mata, ana daka, ana tankaɗe, ana gardamar tukwane. Na lulluɓa da zane na saci jiki na tafi zaure, abin da maijego ba ta yi. Na iske shi zaune, takardar bisa gwiwa inda aikinsa yake zama, hasken yamma yana shigowa ta ƙofar waje. Kabu-kabu suna wucewa, ana kiran fasinjan iyaka, shi bai san ana yi ba. Ya juya alƙalami yana bin wata kalma da gindinsa, a iska, bai taɓa takardar ba.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, kamar da kansa yake magana, tsohon nan ya gaya masa sarakunansu gida guda suke warewa masu wannan aiki, a ci da su, a shayar da su, ba abin da ake nema gare su sai kyau. Wani aikinsa goge takarda da dutse har ta yi santsi. Wani jan layi kawai. Wani niƙa shuɗin dutse, wani shafa zinariya. Marubuci ya yi nasa ya bar fili. Sai a ƙarshe a kira mai fuska, wanda burushinsa gashi ne ƴan ƙalilan daga jikin ɗan kyanwa.

"Dubi girar nan," ya ce. "Sai da ya ɗauke numfashi kafin ya ja ta. Na sani, don ni ma haka nake yi a wutsiyar baƙi. Mutumin nan ya mutu tun kafin a haifi kakan kakana, bai san da Konni a duniya ba. Ni kuma gobe in bi ta kansa da gamba."

Raina ya ɓaci, da Kaka, da shi, da kaina. Gaskiya kuma tsoro yana ciki, don ina jin kukan yaron daga cikin gida, wata zuciyar tana ce mini, in fa tsohuwar nan ta yi gaskiya? Amma ina ganin fuskar babana sai dabara ta zo mini. A gabansa kurtun tawada biyu ne kullum. Ɗaya ta allo ce, gawayi da ƙaro, wadda ake wankewa a sha, ruwa kaɗan ya ɗauke ta. Ɗayar ta takarda ce, gabaruwa da aka jiƙa da kashin maƙera, wadda in ta kama ta kama ke nan, tana ƙara baƙi da shekaru. Na tashi cikinsu, ko da ido rufe na san warin kowace.

"Baba, ka ja da ta allo mana. Siriri. In an kwana biyu, yaro ya warke, Kaka ta manta, sai a sa auduga mai ɗan laima a ɗauke. Ita ina ta san bambancinsu? Baƙi dai baƙi ne."

Ya dubi kurtun biyu, ya daɗe yana dubansu. Na ga abin ya shige shi, wallahi na gani.

"Koma ɗaki," ya ce, "kada iska ta shige ki."

Gari ya waye da sanyin ruwan da aka yi. Tun bayan asuba maza suka fara taruwa ƙofar gida, ana shimfiɗa tabarmi, ana zuba goro da dabino a faranti. Maigidana ya iso daga Malbaza da ƴan'uwansa. Rago yana ɗaure jikin turke yana kuka. Ina zaune bakin gado, Kaka ta sha sabon zane tana riƙe da yaron, sai muka ji gyaran murya. Karon farko ke nan da Baba ya shigo ɗakin. Yana sanye da farar riga ta taro, takardar a hannu ɗaya, a ɗayan kuma faifai da alƙalami sabon fiƙa da kurtu biyu. Da na ga biyu ne sai zuciyata ta yi tsalle.

Ya zauna ƙasa kusa da ƙofa inda haske yake. Kaka ta ce, "A fuskantar da su gabas." Ya juya jikinsa da takardar gabas. Ta ce, "A yi bisimilla." Ya yi.

Hannunsa ya tashi da alƙalamin, ya tsaya tsakanin kurtun biyu. Sai ya tsoma a na gabaruwa.

"Baba!"

Bai dube ni ba. Kaka ta ce mene ne, na ce ba komai, don me zan ce? Warin gabaruwa ya cika ɗakin.

Da mai riƙe da doki ya fara. Layi ɗaya, daga wannan gefen wuya zuwa wancan, siriri kamar zaren ɗinki. Tawadar tana sauka ja-ja, tana bushewa tana baƙi a kan idona. Sai dokin, wanda wuyansa dogo ne, sai da alƙalamin ya yi tafiya. Sai mai gurmi. Sai mai ƙoƙo. Kafin kowane ja ina jin ya ɗauke numfashi, bayan ja ya sake shi. Bai yi gaggawa ba, bai kuma yi ha'inci ba, kowane layi ya kai shi ƙarshe. Saurayin dardumar yana nan da ɗan murmushinsa aka bi ta wuyansa. Da ya hau sama wajen taga na kau da kai, na dubi bango, hawaye yana zuba mini cikin zane. Na ji ƙarar gamba bisa takarda, ƴar ƙarama, sannan shiru.

"A ba ni in gani," in ji Kaka.

Ta miƙo mini yaron, a gaban babana, ba ta ko tuna da kunya ba, ni ma na karɓe shi na rungume. Ta ɗauki takardar ta matsa bakin ƙofa. Jiya tsoro bai bar ta ta duba ba, yau ne ta fara ganinsu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa a sama. Ta tsaya kan dardumar, ta karkata takardar, zinariyar ta haska mata fuska. Ta daɗe fiye da yadda duba layi yake bukata. A waje wani yana tambaya ina malam, rana tana yi.

"To," ta ce a hankali. "An gama."

"Saura ɗaya, Inna."

Ya miƙa alƙalamin ya nuna can cikin itacen furen, tsakanin rassa. Na leƙa ta kafaɗar Kaka. Duk kallon da na yi wa takardar nan, ganye na ɗauke shi. Ashe ɗan tsuntsu ne, kore, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya ɗaga kai, bakinsa a buɗe. Ba wanda ya san da shi sai Baba, da ya yi shiru da shi ke nan.

Kaka ta kai takardar kusa da fuska. Matar da take tsinto tsakuwa cikin gero tun kafin gari ya gama wayewa, ba abin da ya ɓace mata a wurin. Ta dubi tsuntsun. Sannan ta sauke ido kan hannun da yake riƙe da alƙalamin. Hannun da ya ja layukan nan duka bai karkace ba, yanzu ya tsaya a iska ya kasa sauka, har tawada ta ɗiga bisa farar rigar.

"Ganye ne," ta ce.

"Inna, tsuntsu ne. Ga bakinsa, ga..."

"Na ce ganye ne. Ni za ka koya wa ganye? Tashi ka tahi, mutane na jiranka."

Bai tashi ba. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna motsi. Kaka ta ajiye takardar bisa faifai, ta duƙa, ta zare alƙalamin daga cikin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta goge bakinsa tas da gefen sabon zanenta.